Bishiyar da Ba a Shafa wa Fenti Ba

Akwai wani yaro ɗan aji biyar da bai taɓa jin tsoro ba. Shi ne ya faɗa mana. Ya ce ya taɓa kama jemage da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da burodi. Shi ya sa 'yan ajinsu suke kiransa Jarumi, suna faɗa suna ƙifta ido.

Gwaggonsa ma'aikaciyar gandun daji ce. Za a yi sabuwar hanyar mota, za a sare bishiyoyin gefen daji. Aikinta shi ne ta gano bishiyar da jemagu ke zaune a kogonta. Idan ta gano, sai ta shafa mata jan fenti, masu sara su tsallake ta.

Ranar hutu Jarumi ya bi ta.

"Sai rana ta faɗi suke fitowa," in ji Gwaggo. "Zauna nan, ka zuba wa kogon nan ido. Ni zan duba waccan bishiyar. Za ka iya?"

"Haba Gwaggo! Ni fa?"

Ya zauna. Rana ta faɗi. Sai wani abu ya wuce ta gefen kunnensa, fir! Kafin ka ce me, Jarumi yana bayan motar Gwaggo, ya rufe kansa da riga.

Da ta dawo ta ce, "Me ka gani?"

"Babu komai. Ko sauro babu."

Gwaggo ta yarda, ta rufe gwangwanin fenti.

A gida suna cin abinci, ƙanwarsa ta ce, "Gwaggo, idan aka sare bishiya, ai jemagu tashi za su yi ko?"

"Manyan za su tashi. Amma yanzu lokacin goyo ne. Ƙananan ba su iya tashi ba. Idan bishiya ta faɗi, da su za ta faɗi."

Jarumi ya ajiye lomar da ke hannunsa, ya ture kwano.

Da sassafe ya je ƙofar ɗakinta. "Gwaggo, ƙarya na yi. Ban duba ba. Gudu na yi."

Ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce, "Sa takalminka."

Sun iske masu sara sun riga sun ta da injin zarto. Shugabansu ya nuna bishiyar. "Malama, babu fenti. Ita ce ta gaba."

Jarumi ya tsaya a gaban bishiyar. "Baba, laifina ne. Ku ba ni yammacin yau kawai."

Mutumin ya tura hula gaba, ya dube shi. "Ka ɓata mana aiki, ɗan nan. To, yau kawai."

Da yamma suka koma, har da ƙanwarsa. Jarumi ya zauna, ƙanwarsa a gefensa. Ya ce a ransa, yau ko me zai fito, ba zan tashi ba. Fir! Bai tashi ba. Jemagu suka yi ta fitowa daga kogon kamar hayaƙi, wata ma da ɗanta manne a ƙirji.

"Gwaggo, ga su! Ga su nan!"

Shi ya shafa fentin da kansa, har ya zuba a wandonsa. Washegari masu sara suka tsallake bishiyar.

Da aka koma makaranta, malami ya ji labari. Ya ce, "Yara, idan aka ba ku aiki kuka kasa, ku faɗi gaskiya da wuri. Tsoro ba laifi ba ne, ƙarya ce laifi."

Jarumi ya miƙe. "Gaskiya ne, Malam. Amma a rana ta biyu ko gezau ban yi ba. Hannuna ma a aljihu yake."

Sai ƙanwarsa ta leƙo ta taga. "A aljihu, Yaya? To hannun wa ka matse, har yanzu yake min ciwo?"

Aji ya fashe da dariya. Jarumi ya sosa ƙeya, shi ma ya yi dariya.

"Naki ne," in ji shi. "Ki yi haƙuri."