Guɗar da Ta Shiga Kiɗan Nasidi

Nasidi mai gyaran waya a unguwar Kilomita Biyar ya sayo fiyano na lantarki, wai shi zai haɗa wa ƙanwarsa Hadiyya kiɗan bikinta. Kai tsaye ya jona shi da kwamfuta, babu makirfo, don kada ƙarar baburan Titin Koudoukou ta shiga. Ran nan sai da almuru aka kawo wuta, shi kuwa irin mutanen nan ne da ba a gaya musu magariba ba lokacin kiɗa ba ce.

Yana cikin yi wata tsohuwa ta tsaya a bakin ƙofa, ba sallama. Zaninta a jiƙe, ga shi an yi sati biyu ba ruwan sama. Ɗakin ya ɗauki warin tsohuwar rijiya.

"Ɗana, wa ake wa kiɗa a wannan lokaci?"

"Amarya ce, Iya. Hadiyya."

"To, mun ji gayyata," in ji ta, ta juya.

Da ya gama, ya sa abin sauraro a kunne ya kunna abin da ya ɗauka. Kiɗan ya fito tas, amma can ƙarƙashinsa mata ne da yawa suna guɗa, suna kiran Hadiyya. Ya bi wayar da ta haɗa fiyanon da kwamfutar da yatsa har ƙarshenta. Babu ta inda murya za ta shiga.

Ya cire abin daga kunnensa, guɗar ba ta tsaya ba. Daga ɗakin da Hadiyya ke zaune ita kaɗai da lalle a ƙafa take fitowa. Sai ya ji ƙanwar tasa ta amsa musu, "Ku jira ni, ga ni nan."