A Cire Mini Ita Daga Bidiyon

Tun hantsi Amarya ke zaune gaban kwamfuta a ƙuryar ɗakinta, tana fama da saran takobi guda ɗaya. Amarya dai ake ce mata har yau a gidan, duk da auren ya kwana biyu. Aikinta haɗa bidiyon anime da waƙa: ta yanko faɗa daga wannan fim ɗin katun, ta yanko kuka daga wancan, ta jera su bisa kiɗa yadda duk bugun ganga sai hoto ya canza. Yau takobin nan ya ƙi faɗawa kan bugun. Ta matsar da shi gaba ya yi latti, ta dawo da shi baya ya yi sauri.

Ta dalilin bidiyon nan ma suka haɗu da mijinta, wanda kowa ke kira Injiniya. Ya ga wani da ta ɗora a intanet, ya rubuta mata cewa ta sa ƙato kuka a wurin aiki, daga nan zance ya yi nisa har aka kai ga aure. Yanzu aiki ya kai shi nesa, sai ya yi watanni bai leƙo ba. Daga ita sai surukarta Hajiya a gidan, ita kuwa Hajiya magana ba ta haɗa su sai gaisuwa.

Shi ya sa da Hajiya ta ɗaga labulen ɗakin, Amarya ta yi mamaki. Ta yi wuf ta sauko ƙasa.

"Sannu da fitowa, Hajiya."

"Yauwa. Har yanzu dai 'yan aljanun nan masu manyan idanu ake kallo?" Hajiya ta taɓe baki, ta zauna a bakin gado. "An ce mini kina iya ɗauke mutum daga cikin hoto mai motsi, a rasa shi kamar bai taɓa tsayawa a wurin ba. Gaskiya ne?"

"Ana iyawa, Hajiya. Maskin ake ce masa."

"Ko ma me ake ce masa. Bidiyon bikinku nake so ki gyara mini. Shi kaɗai ne nake ganin Alhaji a ciki yana motsi yana dariya, Allah Ya ji ƙansa. Amma duk inda ya juya, yarinyar nan na liƙe da shi. Ki cire mini ita!"

Yarinyar nan ita ce Auta, ƙanwar Injiniya. Bayan rasuwar mahaifinsu Alhaji ta kafe sai ta auri wani mai gyaran mota da Hajiya ba ta so, kawunnanta suka ɗaura auren. Tun ranar Hajiya ta hana a ambaci sunanta a gidan.

Amarya ta sunkuyar da kai. "Hajiya, don Allah ki yi haƙuri. 'Yarki ce fa. Kuma in aka cire ta, wurin zai—"

"Au! Wa'azi za ki yi mini? To ki saurara. Na zuba miki ido kina wasan yara a gidan ɗana ban tanka ba. Yau na nemi abu ɗaya mai amfani. Ko ki yi, ko na'urar nan ta bar gidan nan, in kin ga dama ki bi ta!"

Da la'asar Injiniya ya kira. Ko sallamar kirki bai yi ba.

"Me ya haɗa ki da Hajiya? Ta kira ni tana kuka."

Ta kwashe komai ta gaya masa. Ta ɗauka zai ce ta kyauta, don ta san yadda yake son Auta.

"Haba ke kuwa! Ɗan editin ne fa, ki yi mata a zauna lafiya."

"Yallaɓai, ƙanwarka ce."

"Ita kuma mahaifiyata ce! Ina nan ina fama da aiki, ki bar ni da abin da ke damuna mana. In ba za ki iya yi wa uwata biyayya ba, ki faɗa mini tun wuri in san inda na dosa."

Ƙit, ya kashe wayar.

Daga ranar gidan ya yi mata faɗi. In ta gaida Hajiya, sai ta kau da kai. In ta kai abinci, a dawo mata da shi a rufe. Ta kira Injiniya bai ɗauka ba, ta tura saƙo ta ga ya karanta, amsa babu. Mutumin da ke kiranta don kawai ya tambaye ta wane launi ta sa wa sararin sama a sabon bidiyo! Ta zauna ta yi kuka mai isarta, babu mai ce mata yi shiru. Iyayenta na nesa, kuma me za ta ce musu? Aurena zai mutu a kan bidiyo?

Da ta ga abin na neman fin ƙarfinta, ta share hawaye ta buɗe bidiyon bikin. Ta ce a ranta, Allah Ya ga zuciyata, ba da son raina ba.

Kai, aikin nan ya ba ta wuya! Yanke ɗan katun abu ne mai sauƙi, don an zagaye jikinsa da baƙin layi, bin layin kawai za ka yi. Mutum kuwa ba shi da layi. Dole ta bi jikin Auta da ɗigo-ɗigo, firem bayan firem, wato hotunan bidiyon ɗaya bayan ɗaya, ga gyale na kaɗawa, ga inuwarta a bango, ita ma sai an goge. Bayan ta ɗauke ta, sai rami ya rage a hoton, sai ta nemo bangon daga wani firem ta cike shi, ta daidaita haske kada a ga tabo. Kuma Auta ba ta iya zama wuri ɗaya, kamar mai ƙaiƙayi a ƙafa. Kullum Amarya na zaune ita kaɗai tana kallon fuskar ƙanwar mijinta dab da ido, tana goge ta, tana cewa, "Yafe mini, Auta." Idanunta suka yi ja, wuyanta ya sage. Ba ta yi ha'inci ba ko a firem ɗaya.

Ranar da ta gama ta yi daidai da zuwan Injiniya hutu. Ta yi masa sannu da zuwa, ya amsa a daƙile ba tare da ya dube ta ba. Bayan azahar ta haɗa kwamfutar da talabijin ɗin falo.

"Hajiya, na gama."

"Da dai ya fi miki." Hajiya ta gyara zama.

Bidiyo ya fara. Ga Alhaji cikin farar riga, yana gaisawa da baƙi. Hajiya ta yi murmushi, ta ce, "Allah sarki." Aiki ya yi kyau, ko alamar Auta babu.

Sai aka zo wurin da Alhaji ya juya gefensa na dama. Ya kalli bango, ya ce wani abu, ya tuntsire da dariya har yana riƙe ciki. Ya ɗaga yatsa yana yi wa bangon gargaɗin wasa. Murmushin Hajiya ya ɗauke.

Can sai ga Hajiya ita kanta a hoton, cikin kwalliya. Ta miƙa hannu tana gyara gyalen da babu shi. Ta shafa kumatun da babu su. Sannan ta buɗe hannuwa biyu ta rungume iska, ta ƙanƙame ta, tana jijjigawa, idanunta a lumshe.



"Tsayar," in ji Hajiya.

Amarya ta tsayar. Hoton ya daskare a kan Hajiya rungume da ba kowa.

"Me ya sa kika bar hannuna haka?"

"Ita kika ce in cire, Hajiya. Hannunki ne, ba yadda zan yi da shi. In kuma na yanke duk wuraren da kuka taɓa ta ke da Alhaji, abin da zai rage bai kai a zauna kallo ba."

Hajiya ta daɗe tana kallon talabijin ɗin. Sai ta ɗora hannu a ka ta fashe da kuka. "Wayyo ni! Na mayar da Alhaji mai dariya da bango! Ni ma ga ni kamar mahaukaciya. Wayyo Auta, 'yata!"

Injiniya ya miƙe zai rarrashe ta, sai ya fasa. Ya koma ya zauna, hawaye na bin gemunsa. A karo na farko tun shigowarsa ya dubi matarsa sosai, ya ga yadda ta rame, ya ga jan idanunta.

"Ni na sa ki wannan aikin," ya ce a hankali. "Kin gaya mini gaskiya, na kashe miki waya. Na bar ki ke kaɗai a ɗaki kina goge ƙanwata. Ki yafe mini, don Allah."

"Ya wuce, Yallaɓai," ta ce, ita ma tana kuka.

Hajiya ta kamo hannun Amarya ta riƙe gam. "'Yar nan, za ta mayu? Ko na rasa ta ke nan?"

"Na asalin yana nan, Hajiya, ban taɓa shi ba."

"Ba bidiyon nake nufi ba." Ta juya ga ɗanta tana share fuska da gefen mayafi. "Kai, tashi ka ɗauko mota. Ka san gidan, ai na san kana zuwa a ɓoye. Ke ma sa gyalenki, tare za mu. In ta ƙi buɗe mini ƙofa, wataƙila ta buɗe miki."

Haka haƙurin Amarya ya ceci aurenta, ya kuma haɗa uwa da 'ya. Ta faɗi gaskiya da ladabi, da aka ƙi ji ba ta ɗaga murya ba, ta bar gaskiyar ta nuna kanta. Ku kuma masu fushi da naku, ku ji da kyau: ana iya cire mutum daga hoto, amma hannun da ya rungume shi yana nan a buɗe, yana jiransa.