Kwalbar Janelle

Ranar da Darren ya fara zuwa ɗaukar madara a gonar su Janelle Burkholder da ke Lancaster, bai ko kashe tankarsa ba ya hango budurwa a ƙofar kicin, hannuwanta jajur har wuyan hannu. Ya diro a guje da akwatin magani.

"Ɗaga hannun sama! Ina kika yanke?"

Janelle ta dubi hannunta, ta dube shi, sai ta fashe da dariya.

"Malam direba, bit nake yankawa, jan tushen nan mai kama da dankali. Ko a garinku ba ya rina hannu?"

Bawan Allah ɗan Pittsburgh ne, bai taɓa ganin ana jiƙa dafaffen ƙwai a ruwan bit da ruwan tsamin binega da sukari da kanumfari ba. Kunya ta rufe shi, ita kuwa tausayinsa ya kama ta, har ta cika masa kwalba guda da ƙwan.

"Kar ka buɗe yau. Ka bari jan ya ratsa."

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Jan Hannu, na kasa haƙuri, na ci ɗaya. Cikinsa fari fat."

Ta mayar masa: "Ai na faɗa maka, Direbana. Gaggawa gare ka."

Tun daga nan tankar madara ta riƙa daɗewa a gonar fiye da kima, har Baba Elam, mahaifinta, ya lura. Shi dama ya daɗe da ajiye mata Lamar ɗan maƙwabcinsu, mai gona kuma ɗan cocinsu. Wata safiya ya tare Darren a bakin garke.

"Yaro, kai kullum kana bisa hanya, mu kuma mutanen zama ne. Ɗauki madararka, ka bar min 'yata."

Washegari Darren ya wanke kwalbar nan tas, ya ajiye a ƙofar kicin, wai shi a dole ya yi abin kirki. Kaico! Ko yaron goye a yankin ya san kwalba ba ta komawa gidansu wayam. Ko zuma ce, ko miyar tuffa, sai an sa wani abu. Da Janelle ta ɗauke ta, sai ta ɗauka amsarsa ke nan ga maganar Baba: ya janye.

"Kin gani ko?" in ji Baba Elam. "Ya cinye, ya maido mana iska."

Ta shige ɗaki ta sha kukanta. Ya rubuto: "Jan Hannu, lafiya?" Ba ta amsa ba. Shi kuma ya zaci umarnin mahaifinta ta bi. Uwar Lamar kuwa sai aiko da kwalabe take a cike maƙil, har Baba Elam ya gayyaci su Lamar cin abincin bikin Ista don a tsayar da magana.

Wata tsohuwa da Darren yake ɗaukar madararta, Goggo Verna, ita ta ga yadda ya rame, ta titsiye shi har ya faɗa mata komai. Ta dafe kai.

"Wayam ka mayar? Kai amma an yi sakarai! Ai ce mata ka yi ba ka da sauran abin ba ta."

A ranar ya je ya sami Mama Lois, mahaifiyar Janelle, tana shanya.

"Mama, kwalbar nan na zo karɓa. Ban gama da ita ba."

Ta ajiye shanyar, ta shiga ta ɗauko ta a ƙarƙashin mayafi.

"In ka zuba, ka rufe, ka cire idonka a kai. Ka ji ko?"

Ranar Ista ana zaune a tebur, Lamar ya sha guga yana ta zuba labarin sabuwar taraktarsa, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Darren ne rungume da kwalba, yatsunsa jajur. Janelle ta yi zumbur ta miƙe.

"Baba, ban san al'adar ba ne. Ban janye ba, kuma ba zan janye ba. Ga shi, da hannuna na yi."

Ƙwayayen duk sun sha yagu wajen ɓare ɓawo, har Lamar ya ƙyalƙyale da dariya.

"Wannan ɓera ne ya ɓare maka su?"

Baba Elam ya jawo kwalbar gabansa. Ya zaro ɗaya, ya sa wuƙa ya raba shi biyu. Jan ya ratsa farin gaba ɗaya, har ya taɓa gwaiduwa. Dattijon ya san ba a samun haka sai an jira.

"Ba ka buɗe ba ko sau ɗaya?"

"Kullum sai na kalle ta, Baba. Amma ban buɗe ba."

Baba ya kai baki, nan take tsami ya tattare masa fuska, amma ya haɗiye.

"Binega ta yi yawa, sukari kuma ko oho. Janelle, sai ki koya masa. Ga alama zai ɗauke ki shekaru."

Hawaye suka zubo mata, tana dariya tana sharewa. Lamar ya sunkuyar da kai cikin farantinsa.

Da ta raka shi bakin tanka ta ce a hankali, "Direbana, na ɗauka ka bar ni."

"Ni da na ƙona tukunya saboda ke? Ina sonki, Jan Hannu. Ba inda za ni."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Su biyun suka yi ƙwan biki da kansu, duk sabulun gidan ya kasa fitar da jan. Da fasto ya ce su riƙe hannun juna, coci ya ɗauki dariya, don ba a gane na ango da na amarya. Baba Elam da ya rantse ba zai yi kuka ba, shi ya fara neman hankici.

Mama Lois ta miƙa musu kwalbar nan a cike.

"Allah ya yi muku albarka, 'ya'yana. Allah kada ya nuna muku ranar da za ta zauna wayam."