Moɗa Mai Jan Zare

Gudun mara lafiya mugun hali ne, 'yan mata. Ranar wuya ake gane masoyi. Ku ji abin da Zunnuraini ya yi.

Da la'asar Batula na suyar awara a ƙofar gidansu a Gafasa, shi kuma yana zaune a benci yana zuba mata daɗin baki.

"Hasken idona, ana cire gyaɗa sai bikinmu."

Idonta ya kafe, jikinta ya sandare, ta kife, hannunta ya faɗa cikin kaskon mai...

"Farfaɗiya ce!" wata mata ta ƙwala ihu. "Kada yawunta ya taɓa ku!"

Zunnuraini ne mafi kusa da ita. Ya ja da baya yana tattare rigarsa. Sai da Baffa, mahaifinta, ya rugo daga masallaci ya janye ta.

Daga ranar awara ta daina fita, don ba mai saye. Ƙawaye suka ɗauke ƙafa. A gida ma aka ware mata moɗa, aka ɗaura wa moɗar jan zare. Baffa ya sayar da akuyarsa, ya bi da gyaɗar iri, duk don maganin asibiti.

Ita kaɗai a ɗaki, ta kira shi a waya.

"Ko sannu, Zunnuraini?"

"Inna ta ce ana ɗauka. Ki yi haƙuri."

"Likita ya ce ba a ɗauka, wallahi..."

Ƙit! Ya kashe.

To, inda wani ya ƙi da wuni, wani da kwana yake nema. Akwai Usaini, ɗan Kademi, direban bas ɗin da ke kai ta Kano karɓar magani. Wata rana a tashar Ajingi ta zuba ruwa a moɗarta, don da ita take yawo. Ya miƙo hannu.

"Kada ka sha! Tawa ce..."

"Na sani. Ƙanwata Surayya irin ciwonki gare ta. Kwano ɗaya muke ci, kin ga na faɗi?"

Ya shanye tas.

Batula ta rufe fuska da mayafi, kuka ya ƙwace mata.

Magani ya karɓe ta, faɗuwa ta yi sauƙi, ta murmure. Da Zunnuraini ya ji an sa ranar aurenta da Usaini, sai ga shi a zaure.

"Rabin raina, sharrin shaiɗan ne..."

Ta ɗaga masa hannun mai tabo.

"Kana kallo ya soyu. Yanzu ya sami mai riƙe shi. Sai anjima."

Aka kai amarya Kademi, Usaini da kansa ya tsinke jan zaren.

Shi kuwa ku lissafa. Ya rasa Batula. Ya rasa gaisuwar Baffa. 'Yan matan Gafasa ba mai fita zancensa, don ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Rigar nan kaɗai ya tsira da ita.