Ambulan Ɗin da Dakta Ta Aika Gidan Surukai

Ranar da firizar ɗakin bincike ta lalace ya fara ganinta. Tana tsaye cikin farar riga da safar hannu, ta dafe murfin kamar za ta yi kuka.

"Injiniya, don Allah yi sauri. Aikin shekara huɗu ne a ciki."

"Nama ne?" ya tambaya yana kwance sukurori.

"Ƙwaƙwalwar mutane ce."

Sai ga sukudireba a ƙasa. Ita kuwa me za ta yi in ba dariya ba. Da ta lafa ta yi masa bayani: masu cutar mantuwa ne suka ba da izini tun suna raye. Takan yanka ƙwaƙwalwar siriri kamar ɓawon albasa, ta sa mata launi, ta duba a na'ura tana neman abin da ke kashe ƙwayoyinta.

Cikin minti arba'in ya gama gyara. Amma bawan Allahn nan sau uku yana dawowa a mako guda, wai duba wayar firizar. Wayar lafiyarta lau!

Daga nan saƙonni suka fara.

"Dakta, ki duba tawa ƙwaƙwalwar. Tun jiya ba na tuna komai sai murmushinki."

"Wannan ba ta da magani, Sarkin Gyara. Ni ma ta kama ni."

Sai da soyayya ta yi nisa ya faɗa mata abin da ke cin ransa. Shekara biyu ke nan mahaifinsa yana rikicewa. Yakan manta hanyar ɗakinsa, wani lokacin ya kalli ɗansa kamar baƙo.

"Tsorona ɗaya, Haskena," ya ce. "Kada ranar aurenmu ta zo Baba bai san ko ni wane ne ba."

Mama kuwa, mahaifiyarsa, da ta ji sana'ar yarinyar sai ta dafe ƙirji. "Mai yankan kawunan matattu? A gidana? Duk 'yan matan duniya sun ƙare ne?" Da ƙyar da lallashi ta yarda a kawo ta gaisuwa.

Dakta ta zo da ladabinta, ta durƙusa ta gaishe su, kai a ƙasa. Komai na tafiya daidai, sai Baba ya miƙe zai fita. Yana jan ƙafa kaɗan-kaɗan, a warware, kamar an manne tafinsa da ƙasa. Nan take baiwar Allah ta manta gidan surukai ta zo.

"Baba, don Allah ɗan taka zuwa ƙofa ka dawo. Yawwa. Sake juyawa mu gani."

Hakan bai ishe ta ba, ta matsa kusa da Mama ta yi ƙasa da murya. "Mama, fitsari yana kufce masa?"

Kai, jama'a! Injiniya ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Mama ta tashi ta shige ɗaki.

Washegari Dakta ta rubuta wa wani likitan ƙwaƙwalwa wasiƙa a ɗauki hoton kan Baba. Cikin sauri ta zari ambulan a kan teburinta, ta saka wasiƙar ta aika gidan su Injiniya. Ta manta duk ambulan ɗin teburin nan an riga an saka musu takardar izinin ba da ƙwaƙwalwa bayan mutuwa. Mama ce ta buɗe, kuma takardar izinin ce ta fara fitowa.

Da rana saƙon Injiniya ya shigo wayar Dakta.

"Baba yana raye, Dakta. Har kin fara jiran kansa? Mama ta ce kada ki sake taka mata gida. Ni ma na rasa me zan ce."

Ta karanta, ta kalli tarin ambulan ɗin, sai ta gane kuskurenta. Mayafinta ta ɗauka, sai gidan.

A bakin ƙofa ta durƙusa. "Mama, na yi kuskure, na kuma yi rashin kunya, ki yafe mini. Amma shekara shida nake duba ƙwaƙwalwa bayan an makara. Tafiyar Baba ba ta yi mini kama da ta waɗanda nake bincike a kansu ba. Ina zargin ruwa ne ya taru masa a ka, shi kuwa ana iya rage shi. Ban yi miki alkawari ba. Ko kin hana mu auren, don Allah a ɗauki hoton."

Mama ta dube ta. Can ta ce, "Tashi, ƙasa da sanyi."

Hoton ya nuna ruwan. Likitoci suka fara rage kaɗan don gwaji, suka ga Baba ya ɗaga ƙafa, sannan suka yi masa aiki. Ba komai ne ya dawo ba, har yanzu yakan nemi tabarau ɗinsa alhali yana kan hancinsa. Amma wata safiya ya dubi ɗansa ya ce, "Kai auta, yaushe za ka aske wannan gemun?" Injiniya ya fita tsakar gida ya sha kukansa, sannan ya tura saƙo.

"Ya gane ni, Haskena, har ya ce in aske gemu. Ki yafe mini abin da na rubuta."

"Alhamdulillahi! Na yafe. Amma gemun da gaskiyar Baba."

Mama da kanta ta matsa a sa rana.

Bayan an ɗaura aure, ango da amarya suka durƙusa gaban iyaye. Baba ya miƙe ba wanda ya riƙe shi, ya dafa kawunansu.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku zaman lafiya da, da..."

Ya tsaya yana laluben kalmar. Mama ta buɗe baki za ta ƙarasa masa, yadda ta saba shekara biyu. Ya ɗaga mata hannu.

"Bar ni, Maman yara. Auren ɗana ne, da kaina zan ƙarasa."

Ya gyara tsayuwa, ya dubi ango da amarya.

"Da zuri'a mai albarka," ya ce.

Amin ɗin Mama ta fi ta kowa ƙarfi, tana riƙe da hannun amarya gam, hawaye na zuba.