Waya ta Goma

Da hantsi Hajiya mai gidan haya ta iso ofishin 'yan sanda, tana cewa an sace wayar marigayi mijinta. Sajan ya so ya yi dariya da ya ji tsufan wayar. Insfekta bai yi ba, ya saurare ta.

"Muryarsa na ciki, ranka ya daɗe. Saƙonninsa na shekara huɗu. Ba ni da su a ko'ina."

Da suka je falonta, cajar wayar na nan a naɗe tsaf kan tebur, ƙofa kuma lafiya lau. Insfekta ya daɗe yana kallon cajar. Ɓarawon waje ba ya tsayawa gyaran kaya.

A saman kabad akwai na'urar wayfai da duk gidan ke amfani da ita. Ƙanin marigayin ne ya haɗa ta, shi ke riƙe da lambar sirri.

"Waya nawa take ɗauka?"

"Goma cif, yallaɓai," in ji ƙanin. "Ta Yaya na cin gurbi ɗaya. Hajiya gani take in aka cire ta saƙonnin za su gudu. Na yi bayani har na gaji."

"Wa kake zargi?"

"Telan ɗakin baya. Kullum ƙorafi yake an hana shi shiga wayfai ɗin saboda mamaci."

Da Insfekta ya je ɗakin baya, telan bai ko ɗaga ƙafa daga keken ɗinkinsa ba.

"Na faɗa, kuma na ji kunyar faɗa. Amma yallaɓai, in ni na ɗauke don in samu gurbi, ina gurbin? Yau sau bakwai na gwada, ta ƙi ni."

Wannan maganar ta tsaya wa Insfekta a rai. Waya ta ɓace, amma gurbinta bai samu ba.

Ya koma falo, ya sa ƙanin ya buɗe jerin wayoyin da ke kan layin. Goma ne. Tara kowa ya nuna tasa. Ta goman an sa mata suna "Aiki".

"Tawa ce, sabuwa," in ji ƙanin, yana ciro ta, an sa mata jar rigar waya mai sheƙi. "Da gurbi ya samu na saka."

Insfekta ya roƙi Hajiya kwalin wayar mijinta. Mace ce da ba ta yar da komai nasa, nan take ta kawo. Ya karanta lambar jikin kwalin a hankali, ya karanta ta jerin. Ba bambancin ko harafi ɗaya.

"Suna kawai ka canza. Na'urar da lamba take gane waya."

Ƙanin ya fara kame-kame.

"Aikin intanet na samu, suna son waya ta daban. Ita tana zaune kawai, ba mai kira..."

"Ba ni," in ji Hajiya. "Na yafe. Ba ni kawai in ji shi."

Ƙanin ya sunkuyar da kai. "Hajiya... na goge komai kafin in fara."

Insfekta ya karɓi wayar ya miƙa wa Hajiya. Sajan ya kama hannun ƙanin suka fita.

Hajiya ta juya wayar a tafinta, ta danna maɓallin gefe har ta mutu.

"Ranka ya daɗe, in za ka wuce, ka ce wa tela ya sake gwadawa."