Tabo Uku a Ƙarƙashin Riga

"Ɗaga rigarka, Lindani."

Ya tsaya a bakin ƙofar gidansu Thembeka da ke unguwar Umlazi a Durban, murmushinsa ya daskare. Saura wata guda bikinsu, amma yau ko sannu da zuwa bai samu ba.

"Masoyiyata, lafiya...?"

"Na ce ka ɗaga," in ji Thembeka.

Ya ɗaga. Ga su nan tsakanin haƙarƙarinsa na hagu, 'yan tabo uku, kowanne bai wuce kan yatsa ba.

Ashe Nokwanda ba ƙarya ta yi ba! Tsohuwar budurwarsa ce, uwar iyayi. Ita ta tare Thembeka a coci tana wani karairaya, wai ya jikin angon? Ai ita ta kai shi asibiti, ta zauna a benci har aka fito da shi. Tafiyar aiki Johannesburg da ya ce ya yi, ashe yana nan Durban a kwance.

Lindani ya yi bayani. Jijiyar zuciyarsa ce ta toshe. Ba a tsaga ƙirji ba, likita na zaune gefe yana sarrafa siraran hannayen na'ura ta 'yan hujin nan, aka yi wa jinin sabuwar hanya. Da ya ga tabon bai taka kara ya karya ba, sai ya ɗauka zai ɓoyu. Nokwanda kuwa maƙwabciya ce, ita ta tsince shi ranar da ciwon ya kayar da shi.

Mama, mahaifiyar Thembeka, ta fito daga ɗaki cikin baƙaƙen kayan takaba. Bara aka tsaga ƙirjin mijinta a asibiti, bai tashi ba. Ta ce a mayar wa dangin Lindani shanunsu na sadaki, 'yarta ba za ta sa irin kayan nan da ƙuruciyarta ba.

"Abin da na gudar miki ke nan," in ji Lindani a hankali, yana kallon Thembeka. "Na ga yadda kika yi a kan Baba. Ban so ki sake zama a bencin nan ba."

Tausayinsa ya kama ta, haushi kuma bai sake ta ba.

"Kai a tunaninka ciwon ne ya ƙona min rai?" Hawaye suka zubo mata. "Bencin nan nawa ne, Lindani. Ko kuka zan yi, ni ya kamata in yi shi. Ka ba wata wurina."

Ya durƙusa a gabanta.

Mama ta daɗe tana kallon 'yarta. Ita ma fa ta yi zaman bencin, kuma ko yau aka ce ta koma, da gudu za ta je. Ta goge ido da bakin mayafi, ta tambaye shi yaushe zai koma ganin likita.

"Alhamis, Mama."

Thembeka ta sauke masa rigar da kanta, ta bar tafinta a kan tabon. Zuciyar na bugawa tsaf.

"Alhamis ni zan tuƙa," ta ce. "Ba ni mukullin."